Firjin allura da batir biyu: abin da ya faru da motar wani likitan dabbobi a Zariya

Asalin lamarin

Mutumin ɗan Tudun Wada ne a nan Zariya, aikinshi duba dabbobi, Fulani ma Likita kawai suke ce mishi, nima haka zan kira shi. Yana da tsohuwar Hilux mai ɗaki biyu, ta fetur, giyar hannu. Da kaka ta yi sai ya fara zagaye rugage wajen Soba, Kubau da Ikara yana yi wa shanu allurar ciwon huhu da ta harbin daji, kuma dayake shanu da sassafe ake samunsu kafin su fita kiwo, dole a can yake kwana, wani lokacin kwana uku wani lokacin huɗu, ya kafa ɗan tantinshi a gefen mota.

Allurar nan ba ta son zafi. Idan ana yawo da ita ana so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da can kula yake cikawa da ƙanƙara, to ƙanƙara kwana ɗaya da rabi ta zama ruwa, ga shi ranar da babu wuta a gari ƙanƙarar ma sai ka zaga Sabon Gari kaf baka samu ba. Sai ya sayi firjin mota na hannu, lita 40, mai kwamfireso, ya ajiye a kujerar baya ya jona a ramin layita. Da dare sai ya riƙa tada injin yana bari ya yi ta aiki a tsaye dan kada batir ya mutu. Haka yake yi har aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, daga nan barin inji yana cin fetur a banza ya zama abin da aljihu ba zai ɗauka ba.

Nuwamba 2023: batir na biyu

Ya kai motar wajen wani mai rewaya aka saka mishi batir na biyu a bayan mota dan firji ya riƙa ci daga gare shi. Batirin mota ne na yau da kullum, 75Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), irin mai ruwa. Tsakanin batiran biyu aka saka solonoid, wato makunnin da ke haɗa su idan ya samu wuta ya raba su idan babu, sai aka ɗauko wutar da ke kunna shi daga wayar rediyo. Wayar da aka ja daga gaba zuwa baya mai kaurin 2.5 ce, irin ta soket ɗin gida, tsawonta kusan mita 6, jar da baƙar duka. Babu fiyus ko ɗaya.

A zirga-zirgar cikin gari komai lafiya lau. Fitar farko da ya yi ta kwana, a wata ruga bayan Soba, bayan isha'i matasa suka taru ana hira, ya murɗa makulli mataki ɗaya dan a ji rediyo a kuma yi cajin waya. To wannan mataki ɗayan shi ne ke bawa wayar rediyo wuta, kenan solonoid ya kama, batiran biyu suka zama ɗaya alhali inji a kashe yake. Barci ya ɗauke shi makulli na nan yadda yake. Da asuba ya zo tada mota kik ya yi ƙas ƙas ya yi shiru. Sai da yaran Arɗo suka tura motar a cikin rairayi ta tashi. Allura ta tsira a wannan karon dan sanyi ya fara sauka.

Da ya dawo aka cire wayar solonoid ɗin daga rediyo aka mayar da ita inda sai an murɗa makulli gabaɗaya take samun wuta. Batirin gaba ya samu lafiya, amma na baya dare ɗaya yake yi, dare na biyu wajen ƙarfe uku firji ya yanke.

Disamba 2023: an ɗora sola

Wani abokinshi ya ce ai maganin wannan sola ne, rana ce Allah ya hore mana kyauta. Ya shiga kasuwa ya sayo fanel ɗaya da aka rubuta 200W a bayanshi, da ƙaramin kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da fanel ke tura wa batir, mai launin shuɗi an buga MPPT manya manya a fuskarshi. Mai walda ya ɗaure fanel ɗin a kwance a kan kariyar saman mota da noti huɗu, kwantirola kuma aka maƙala shi kusa da dashbod dan Likita ya riƙa ganin lambobi yana tuƙi, daga nan aka haɗa shi da waccan doguwar wayar mai 2.5 zuwa batirin baya.

Akwai wani abu da ya saba yi tun zamanin kula da ƙanƙara, duk inda ya sauka inuwa yake nema wa mota, yawanci gindin ɗorawa ko mangwaro, dan firji na cikin mota kuma mota a rana murhu ce. Ya ci gaba da hakan. Ga hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, ƙura kullum tana sauka, shi kuma fanel yana can sama inda hannu baya kaiwa sai an taka taya.

Sannan labari ya bazu a rugage cewa motar Likita tana da wutar rana. Da yamma sai ka ga an jero wayoyi a kan buhu, goma, sha biyu, wata rana har da tocila da ƙaramar rediyo mai caji. Ba yadda za a yi mutanen da suka ba ka masauki suka kawo maka kindirmo da fura ka ce musu a'a.

Firji dai bai fasa yankewa ba, sai dai maimakon dare na biyu wani lokacin yakan kai na uku.

Janairu 2024: asarar allura

A firjin akwai saiti uku na inda zai kashe kanshi idan batir ya yi ƙasa. A nashi, na sama yana yankewa wajen 11.8V (V na nufin bolt), na ƙasa kuma sai batir ya gangara har wajen 10.1V. Wani ya nuna mishi yadda ake mayar da shi na ƙasa, ya ce daman saitin ne ke damunka. Ya mayar. Sati biyu firji bai yanke ba, Likita ya ɗauka an gama.

A tsakiyar watan, a wata ruga ta wajen Kubau, ya kwanta firji na aiki, da safe suka tafi wani garke mai nisa a babur da allurar da za su yi amfani da ita a ƙaramin kula, basu dawo ba sai bayan la'asar. Ya tarar firji a mace, ma'aunin zafin da yake ajiyewa a ciki yana nuna 17. Bai san tun yaushe ba. Sauran kwalaben da ke ciki gabaɗaya ya ware su ya ce ba zai soka wa saniyar kowa ba, ya haɗa kayanshi ya dawo Zariya, garke biyu suka rage ba a yi musu ba.

Ya je ya sake sayen sabon batir, 100Ah a wannan karon, shima na mota. Ya mayar da saitin firji na tsakiya. Sabon ya yi abin kirki a fita ɗaya, a ta biyu ya fara irin halin na farko.

Fabrairu 2024: awo

A nan ne aka haɗa shi da ni, dan aikin sola nake yi a gidaje da shaguna. Ya zo yana cewa, ƙanena, so nake ka ƙara min fanel ɗaya a saman nan shikenan. Na ce Likita ka yi haƙuri ka bar min motar wuni ɗaya da dare ɗaya, in auna tukun. Ga abin da mita ta nuna.

Fanel. Da tsakar rana, a fili, na auna iyakar wutar da zai iya turowa idan an haɗa bakin wayoyinshi biyu ta cikin mita. Da ƙurar da ke kanshi 4.3A ya bayar (A shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya). Ƙurar kuwa har rubutu zaka iya yi da yatsa, ta yi ja ta daskare a gefen ƙasa inda raɓa ke taruwa. Na wanke, ya koma 5.4A. Fanel irin wannan idan da gaske 200W ne ya kamata a ga wajen 11A. Na sa tef na auna shi, mita ɗaya da rabin mita ne da ɗan kai, girman mai 100W kenan. Muka matsa da motar gindin darbejiyar ƙofar shago, wutar ta faɗo ƙasa da 1A. Ƙwayoyin cikin fanel a jere suke ɗaya na bin ɗaya, inuwa ta rufe kaɗan daga ciki sai ta riƙe sauran.

Kwantirola. Na kwance noti huɗu na buɗe bayanshi. Babu naɗin waya a ciki ko kaɗan, wato wannan dunƙulen jan ƙarfen da ainihin MPPT ke amfani da shi wajen mayar da rarar bolt zuwa ƙarin wutar caji. PWM ne, wato kwantirola na gama-gari, aka yi wa fenti. Shi PWM ba laifi bane a kanshi, yana aiki, amma janyo fanel yake yi ya sauko daidai da batir, fanel mai iya aiki a 18V sai ya yi aiki a 13V, ribar da ke tsakani ta tafi. Wato a rana mafi kyau, fanel a wanke mota a fili, wat sittin da 'yan kai ke shiga.

Waya. Na tada inji. Batirin gaba 14.1V, na baya a daidai wannan lokacin 13.1V. Bolt ɗaya cur yana ɓacewa a hanya, wayar ma idan ka riƙe zaka ji ɗumi. Batirin dalma, irin wannan na mota, sai ya zauna a wajen 14.4V na ɗan lokaci kafin ya cika da gaske, to wannan tunda aka saka shi bai taɓa ganin 14 ba, ko daga inji ko daga rana.

Batir. Sabon, wanda bai yi wata biyu ba, bayan ya kwana ba a jona mishi komai ba 12.1V ya nuna, alhali cikakke 12.6V zuwa 12.7V yake nunawa. Tsohon kuwa na sa mishi ƙwan mota ɗaya, minti kaɗan ya faɗi ƙasa da 11.

Sai kayan da ke cin wutar. Firji idan kwamfireso na aiki 3.8A yake ja. A sanyin Fabrairu kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci yake aiki, awa 8 kenan, wajen 30Ah a wuni da dare. Ƙwai biyu na awa huɗu kusan 4Ah. Wayoyi, idan aka ce sha biyu, wajen 12Ah. Jimla ta doshi 46Ah. Abin da fanel ke mayarwa a gindin bishiya da ƙura a kai, ko an yi mishi adalci, bai kai 10Ah ba. Na kuma ce mishi idan Afrilu ya zo firji zai yi aiki rabin lokaci ko fiye, zaka kuma so fanka, lissafin zai haura 70Ah.

Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce, to ashe ni da hannuna nake kai sola inuwa.

Maris 2024: gyaran

Aikin a cikin azumi muka yi shi. Ba a ƙara komai a saman mota ba, tsohon fanel ɗin ma sauke shi muka yi ya kai gida yana kunna ƙwan tsakar gida da shi.

Muka sayi fanel biyu masu 150W, kuma da mita a hannu muka je, aka fito da su rana a ƙofar shago kowanne ya ba da sama da 8A kafin a biya. Mai walda ya haɗa su da hinji suna naɗewa fuska da fuska, ya yi musu ƙafafu ta baya masu matakai uku. Na jona su a jere, jar wannan da baƙar wancan, yadda bolt zai ninka ya kai wajen 36V wutar kuma ta tsaya wajen 8A. Amfanin hakan shi ne za a iya jan waya mai tsawon mita 10 mai kaurin 4 asarar bata wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Da gefe da gefe aka jona su, wutar ce za ta ninka, asarar da ke cikin wannan wayar kuma ta ninka huɗu. Da wannan mita goman mota ta zauna a inuwarta, fanel ya fita fili.

Kwantirola ainihin MPPT mai 30A, mai nauyi a hannu, aka ɗaure shi a cikin akwatin batir, wayar da ke tsakaninsu bata kai kamu uku ba, dan abin da yake gani ya zama shi ne ainihin abin da ke kan batir. Na nuna mishi ƙa'ida, batir ake fara jonawa kafin fanel, idan za a cire kuma fanel ake fara cirewa.

Batir muka koma AGM 100Ah wanda aka yi dan a riƙa sauke shi a hankali ana sake cikawa. Batirin tada mota faranta ne sirara masu yawa a cikinshi, an yi shi ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu uku sannan altaneta, wato na'urar cajin da inji ke juyawa, ta mayar mishi nan take, idan ana kwashe shi har ƙasa kowane dare baya daɗewa. Shi ma AGM ɗin rabinshi ne naka, 50Ah, idan kana so ya yi shekaru.

Solonoid muka cire muka saka rile mai jin bolt, wanda ake kira VSR. Baya kallon makulli, batirin gaba yake kallo, idan ya haura wajen 13.3V alamar inji na caji sai ya haɗa, idan ya sauko wajen 12.8V ya raba. Ko an kwana da rediyo a kunne firji ba zai taɓa batirin gaba ba. A nan in ja kunnen masu sababbin motoci, wasu altanetarsu kwamfutar mota ce ke juya ta, takan sauke bolt da gangan ana cikin tafiya, irin wannan rile ɗin sai ya riƙa haɗawa yana rabawa, su cajar DC zuwa DC, wato wadda ke daidaita wutar gaba kafin ta kai batirin baya, ita ce ta dace da su. Ta Likita tsohuwa ce, 14.1V take riƙewa daram. Waya muka ja mai kaurin 16 a cikin tiyo, da fiyus 60A a kowane ƙarshe dab da kan batir, dan idan wayar ta goge ta taɓa bodi daga ɓangare biyu wuta za ta zo mata. Firji aka raba shi da ramin layita, wanda daman bakinshi ya fara narkewa, aka ba shi wayarshi mai kaurin 4 da fiyus 15A, saiti ya koma na sama.

Sauran ba kaya bane, ɗabi'a ce. A sanyaya firji da wutar gida tun daren tafiya. A cika gurbin da babu komai da gorunan ruwa masu sanyi, suna riƙe sanyi idan an buɗe. A goge fanel da tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe kafin gilas ya yi zafi. A juya shi sau uku, da hantsi ya kalli gabas, da azahar ya kusa kwanciya, bayan la'asar ya kalli yamma, a lokacin hunturu kuma a karkata shi kudu dan Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, a Disamba da Janairu rana ta kudu take bi. Cajin waya daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, banda dare. Wannan na ƙarshen Likita da kanshi ya faɗa wa Arɗo, ya ce Baffa a taimaka a riƙa aiko da wayoyin da hantsi, Arɗo ya sa yaro ɗaya ya zama mai tattarawa.

Afrilu zuwa Agusta 2024

Bayan ƙaramar sallah ya fita kwana huɗu a tsakiyar zafi, na ba shi mita da takarda ya riƙa rubutawa. Da tsakar rana kwantirola na tura 17A zuwa 19A. Bai kai abin da 300W ya kamata ya bayar a takarda ba, kuma haka ake tsammani, fanel idan ya yi zafi ƙarfinshi raguwa yake yi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25, a Afrilu kuwa gilas ɗin baya taɓuwa. Wajen ƙarfe biyu batir ya kai 14.4V wutar ta fara sauka da kanta. Da asuba, bayan firji da fanka da ƙwai sun kwana a kai, 12.3V. Haka kwana huɗun suka maimaita kansu. Ma'aunin cikin firji tsakanin 3 da 6. Ba a tada inji ko sau ɗaya ba.

A Mayu iskar da ke zuwa gaban hadari ta kifar da fanel ɗin, gefen firam ɗaya ya lanƙwashe amma gilas bai fashe ba. Aka huda ƙafafun aka yi musu turaku na rodi. An kuma fara kewaye shi da ƙaya saboda maruƙa.

A Agusta aka samu kwana biyu a jere ana ruwa, sama a rufe, caji bai wuce 4A zuwa 5A ba. Safiya ta uku batir 12.0V. Ya dakatar da cajin waya, ya tuƙa motar zuwa kasuwa ya dawo, tafiyar kusan awa ɗaya, da farkon tafiyar sama da 25A ke shiga ta sabuwar wayar. Firji bai yanke ba.

Abin da na gani a ciki

A ganina babbar matsalar wurin da aka ɗaure fanel ne. Firji na son inuwa, fanel na son rana, aka ɗaure su a jikin abu ɗaya, dole ɗaya ya cutu, kuma da an ƙara na biyu a sama kamar yadda ya nema da farko da inuwar ɗorawa ta cinye shi shima. Ko fanel ɗin ƙaryar nan mai 100W, da a ƙasa yake a fili ana goge shi ana juya shi, da ya mayar da fiye da rabin abin da ake ci a hunturu.

Na biyu ita ce siririyar wayar, dan ita ce ta hana tafiyar awa biyu daga Zariya ta cika batir kafin ma a sauka, kullum da rabin ciki yake fara kwanan daji. Sauke saitin firji zuwa 10.1V shi ya ƙarasa batirin baya na farko, dan wannan yankewar da ke ba shi haushi ita ce ke kare batirin, kuma ita ce kaɗai ke gaya mishi cewa abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Sayen batir mafi girma kuma kamar sake babbar randa ne alhali ɗigo ɗigo ruwan ke zuwa.

Mai rewaya bai yi mugunta ba, aikin da ya saba na ƙwai da hon ya yi, inda waya mai 2.5 ta isa. Wanda na fi jin haushi shi ne mai buga 200W a kan fanel mai 100W da MPPT a kan abin da ba shi ba, dan mutum irin Likita bashi da hanyar ganewa sai bayan ya zubar da allura. Abin da ya rage a tsarin yanzu shi ne damina, 50Ah bata ɗaukar kwana uku na hadari ba tare da an tada inji ba. Mun yi maganar batirin lithium 100Ah wanda ake iya cin kusan dukkanshi kuma bai kai rabin nauyin wannan ba, amma sai an canza rile ɗin zuwa cajar DC zuwa DC, ya ce a bari sai wannan ya gaji.